Goggo da 'Yan Tsakin Likita

Ba likita ba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wanke ciwo a wani ɗan ɗaki da ke ƙarshen barandar asibiti, shi da almakashi da auduga da kwanon silba. Amma unguwa ta ce Likita, shi kuwa bai taɓa ganin dalilin da zai sa ya gyara wa unguwa bakinta ba. Da ya ajiye aiki ya dawo gida da akwatin ƙarfe cike da kwalabe, da tarin littattafai, da kuma cutar nan da ke kama maza irinsa: nan take ya gano cewa duk abin da matarsa ta yi shekaru tana yi a gidan, ba daidai take yin sa ba.

Ya fara da kicin, aka koro shi. Sai ya koma kan kaji.

Kaji huɗu gare ta a bayan gida, cikin akurkin katako da ke jingine da katanga. Babbarsu wata tsohuwar kaza ce wake-wake mai faɗin ƙirji. Matar ta sa mata suna Goggo, wai tafiyarta sak ta goggonsa ce, ga kallon mutum ta gefen ido kamar ta riga ta ji labarinsa a wani wuri. Shekararta bakwai, ta daina ƙwai tuntuni, amma ba a maganar wuƙa a gabanta. Kullum da la'asar matar takan kife bokiti ta zauna, Goggo ta zo ta ci daga tafin hannunta, suna hirar da Likita bai taɓa samun irinta ba.

"Kazarki ta ƙyanƙyashe goma, huɗu su rayu, ki ce an yi albarka," ya ce mata wata rana. "Da haka muke aiki a asibiti, da tuni an rufe mu."

"To ai ka ga su kaji ba su san asibiti ba, shi ya sa huɗun ma suke rayuwa."

Ana nan sai aka yi wa babbar 'yarsu tiyata a wani gari mai nisa, matar ta shirya tafiya jinya ta wata biyu. A bakin ƙofa, jaka a hannu, ta juyo.

"Dusa da safe, ruwa sau biyu, ka rufe akurki kafin duhu. Baban yara, kana ji na? Abinci kawai za ka ba su. Kada ka ba su ilimi."

Bai cika kwana biyar da zaman kaɗaici ba ya je shagon abincin kaji ya dawo da kwali mai huji-huji, cikinsa 'yan tsaki goma sha biyu 'yan kwana ɗaya, da wani ɗan littafi mai shafi ashirin. Niyyarsa ɗaya ce: ranar da za ta dawo ta tarar da goma sha biyu cif suna yawo cikin kajinta, ba ko ɗaya da ya mutu, shi kuma ya yi shiru. Har ya tsara yadda zai yi shirun.

Ya zagaye gidan da ma'aunin zafi, ya gano cewa ɗakin da iska ba ta kutsawa shi ne nata. A nan ya kafa sansani. Ya ja keken ɗinkinta gefe, ya kewaye tsakiyar ɗakin da kwali, ya zuba garin katako, ya rataya ƙwan lantarki daga ƙusar da take rataya gyalenta. Ya ɗauki kowane ɗan tsako ya tsoma masa baki a ruwa don ya koyi sha. A jikin ƙofar sif ɗinta ya manna takarda, yana rubuta zafin wurin sau huɗu a rana kamar ta gadon majinyaci. In sun taru sun cunkushe ƙarƙashin ƙwan, ya san sanyi suke ji, ya sauko da shi. In sun watse sun manne da kwali suna haki, ya ɗaga. In wuta ta ɗauke, ya cika kwalabe da ruwan zafi ya cusa cikin safarsa ya jera musu. Da kashi ya bushe ya toshe wa uku dubura, ya jiƙa auduga da ruwan ɗumi ya share su ɗaya bayan ɗaya, da hannun da bai taɓa rawa a kan ƙonuwa ba.

Gaskiya ɗaya ce, ya iya. Mako shida, goma sha biyu na nan, sun yi gashi, sun yi wuya, suna tsalle su hau kan gado.

Matsalar ke nan. Ɗakin ya zama akurki. Ƙurar gashi ta rufe madubi, ta shiga aljihun keke, zannuwan da ke cikin sif rufe sun ɗauki warin da ba turaren da zai kore shi. Ranar Laraba kuma matar ta buga waya ta ce 'yar ta fara takawa, ita Asabar ta sama tana gida.

Kwana goma. Littafin ya ce kada a haɗa ƙanana da manya kai tsaye, a raba su da raga a cikin fili ɗaya, su riƙa ganin juna ba su taɓa juna, aƙalla mako guda. Likita ya lissafa kwanakin da zai buƙata na wanke ɗaki da shanya zannuwa, ya yanke cewa marubucin littafin matsoraci ne. Kwana uku ya isa.

Tela, maƙwabcinsa, yana da taga da ke kallon bayan gidan ta saman gajeriyar katanga, kuma tun da aka kafa ragar ya rage ɗinki.

"Likita! An sallamo marasa lafiya ke nan?"

"Ana gabatar da su ne."

"Ga wa? Ga waccan? Dubi yadda take leƙen su fa. Ni ko surukata ba ta taɓa yi mini irin wannan kallon ba."

Ranar Lahadi da hantsi ya naɗe ragar. 'Yan tsakin, waɗanda ba su taɓa sanin uwa ba sai ƙwan lantarki da wani dattijo mai tabarau, suka nufi kaskon dusa kai tsaye kamar na gidan ubansu. Ba wanda ya koya musu cewa a duniya akwai wanda ake jira ya ci tukuna. Goggo ta tako a hankali, ta tsaya, ta sare na gaba a ƙeya sau ɗaya. Ya yi ƙara ya ruga. Sauran suka watse, ita kuma ta ci gaba da ƙoto.

Ciwon bai kai ƙwayar gero ba, amma jini ya ɗan fito. Likita ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa wanda rabonsa da shi tun ranar da ya miƙa makullin ɗakin wanke ciwo. Ya buɗe akwatin ƙarfe. Ya wanke wurin da ruwan gishiri, ya tsane, sannan ya ɗauko kwalbar jan magani, wanda ya shafa wa gwiwoyin rabin yaran garin, ya zagaye ciwon da shi tsaf, ya ƙara faɗi kaɗan don kariya. Ɗan tsakon ya kwana a ɗaki. Da safe ya duba, ciwo ya kame, ya sallame shi.

Kafin azahar ya tarar da shi a gindin katanga, ƙeyar a buɗe har ƙashi. Goggo na gefe tana goge baki a ƙasa.

Ya ƙirga sauran. Goma sha ɗaya ba lamba ba ce da mutum zai yi shiru a kanta. Ya binne gawar, ya kama sauran ya duba su a rana, yana buɗa gashi da yatsa. Huɗu na da 'yar ƙujewa, wani a wuya, wani a gindin wutsiya, abin da idon da bai ƙware ba ba zai ma gani ba. Ya shafe su duka. Rigakafi ya fi magani, ya faɗa wa dubban mutane haka.

Talata Goggo ta kashe ɗaya daga cikin huɗun, ta yi wa ukun kaca-kaca. Bakwai ɗin da ba su da ciwo kuwa suna wucewa ta gabanta, iyaka ta ɗaga musu wuya su kauce.

Wannan ne ya tsaya masa a rai. Ya zauna kan bokitin matarsa ya yi nazari kamar yadda aka koya masa, daga alama zuwa cuta. Kazar ba kowa take bi ba. Waɗanda ta taɓa sara su take komawa, ta tsallake 'yan uwansu ta zaɓo su. Ke nan tana gane su. Ke nan tana riƙo. Ya karanta littattafai da yawa a kan zuciyar ɗan Adam, kuma a ganinsa ba abin mamaki ba ne a samu irinta a cikin kaza, musamman wadda aka shagwaɓa shekara bakwai.

Da yamma matar ta kira.

"Ya gida? Ya Goggona?"

"Tana nan. Tana cin abinci sosai."

"Muryarka wani iri. Me ka fasa?"

"Ban fasa komai ba." Ya yi gyaran murya. Tambayar na bakinsa, kalma biyar ce ko shida. Amma in ya yi ta, dole ya faɗi 'yan tsakin, in ya faɗi 'yan tsakin dole ya faɗi ɗakin, kuma shirun nan da ya tsara ya tafi ke nan. "Wani ne a unguwa yake tambaya ta a kan kaza mai faɗa."

"Wane ne?"

"Ba ki san shi ba."

"A unguwar da na yi shekara talatin? To ka ce masa kaza ba ta faɗa a banza, ya duba abin da ya yi mata. Bari in je, yarinyar na kira."

Laraba ya yi gwaji, don shi mutum ne da ba ya hukunci sai da hujja. Ya kife Goggo da kwandon wanki ya ɗora dutse. Majinyata ukun kuma ya kwantar da su a ɗaki su huta. Ranar nan bayan gidan ya yi lafiya lau. Sauran kaji ukun suka yi 'yan kore-korensu, ƙananan suka koyi kaucewa, har ya ga biyu suna wankan ƙasa kusa da wata farar kaza mai sanyin hali, wadda ita ce ta ƙarshe a wajen ci tun fil azal. Ya rubuta a takardarsa: an cire Goggo, an samu zaman lafiya. Bai rubuta cewa ya cire wani abu ban da ita ba.

Alhamis da safe ya sabunta wa ukun magani, ya fito da su, ya ɗaga kwando don ya ba ta dama ta ƙarshe. Ko minti biyu ba a yi ba. Ta miƙe, ta karkaɗe fiffike, ta ratsa ta cikin bakwai ɗin kamar ba ta gan su ba, ta danne mai ciwon wuya. Kafin ya zagayo da tsintsiya an gama.

Tara.

"Tela!" ya kira. "Kana da wuƙa mai kaifi?"

Kan Tela ya bayyana a taga, allura a baki. Ya cire ta.

"Ta wa za a yanka?"

"Waccan."

"Kai, Likita. Kazar uwar gida ce fa. Ni da kai duka haya muke a wurin kazar nan."

"Ta kashe uku. Ko mutum ne ai an yanke masa hukunci."

"To ka jira jibi mai ita ta dawo mana. Me kwana biyu zai yi?"

"Zai yi gawa biyu. Za ka zo ko in yi da kaina?"

Tela ya zo, yana ta faɗin shi dai ba da yawunsa ba. Goggo ba ta gudu ba. Likita ya miƙa tafin hannu da tsakin masara a ciki, kamar yadda ya sha ganin ana yi, ta tako ta fara ci, ya damƙe ta. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma ba a faɗi cewa sabon ne ke sa yankan ya yi sauƙi ba. Ya ce Tela ya tafi da naman, shi ba ya so.

Juma'a ya tashi da ƙarfinsa. Ya duba tara ɗin, ya ga biyu sun samu sabuwar ƙujewa a turereniyar jiya, ya haɗa su da tsofaffin majinyata biyu ya shafe su. Ya sake su, ya koma ya fara fitar da kwali daga ɗakin matarsa, har yana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa.

Kukan ɗan tsako ya dawo da shi a guje, tsumma a hannu.

Farar kazar ce. Mai sanyin halin nan, wadda ko ƙadangare yakan kore ta daga kasko, ita ce ta taka ɗan tsako da ƙafa tana sara. Ya kore ta, ya juyo, sai ya ga a kusurwa biyu daga cikin nasa, waɗanda suka kwanta ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya mako shida, sun sa ɗan uwansu a tsakiya suna tsattsagar wuyansa daidai inda ya shafa.

Ya kwashe huɗun ya zuba a kwando. Ya koma ciki ya ɗauko kwalbar. Ya yago ɗan kwali, ya ɗiga masa jan magani, ya jefa tsakiyar fili, ya jefa wani fari tas kusa da shi. Kaji uku da 'yan tsaki biyar suka ruga, suka hau kan jan suna sara suna fizga har ya zama yayi. Farin ko kallo bai samu ba.

Likita ya zauna a ƙasa, ba kan bokiti ba.

Kaza in ta ga ja sai ta sara. Ba riƙo, ba ƙiyayya, ba wata zuciya. Sara ɗaya Goggo ta yi da niyya, na ranar Lahadi, wanda kowace babba ke yi wa ƙarami a bakin kasko don ya san matsayinsa. Sauran duka shi ya nuna mata wurin, da hannunsa, tsaf, har da ƙarin faɗi don kariya. Ya ɗauko littafin ya bi shi shafi-shafi yana neman wanda zai zaga. Yana nan a shafi na goma sha bakwai, layi biyu, ƙarƙashin babin da ya tsallake domin a kan raunuka ne, shi kuwa wa zai koya masa raunuka?

"Likita, lafiya ka zauna a turɓaya?" in ji Tela daga taga.

"Ka rufe tagar nan."

Tela ya dube shi, ya dubi kwalin, ya rufe.

Sauran yinin ya tafi a wanki. Ya gwada sabulu, ya gwada ruwan ɗumi, ya gwada man gyaɗa. Maganin mai kyau ne, ya kama gashi ya kama fata, iyaka ya koma ruwan hoda ya bazu ya ƙara faɗi. 'Yan tsakin suka jiƙe suna rawar ɗari, dole ya sake rataya ƙwan lantarki a ƙusar gyale ya mayar da su ɗakin da ya kamata a ce ya gama wankewa.

A nan ta same shi ranar Asabar da hantsi, tsugune a tsakiyar ɗakinta, auduga a hannu. Ta ajiye jaka a bakin ƙofa. Ta dubi madubi, ta dubi keke, ta karanta takardar da ke jikin sif daga sama har ƙasa. Sannan ta dubi kwandon.

"Wa ya yi musu kwalliya?"

"Ciwo suka ji."

"Shi ne ka sa musu tuta."

Ba ta jira amsa ba. Ko gyale ba ta cire ba ta shiga kicin, ta kankaro baƙin gindin tukunya a murfi, ta ɗiga mai, ta cakuɗa da yatsa. Ta kama ɗan tsako na farko ta murje masa wuya har jan ya ɓace, ta yi wa sauran ukun, ta ɗauki kwandon ta nufi bayan gida. Ya bi ta yana faɗin abin da ya sani game da datti da ƙwayoyin cuta. Ta juye kwandon. Huɗun suka miƙe suka shiga cikin 'yan uwansu. Farar kaza ta ɗago kai ta dube su, ta ci gaba da tonon ƙasa.

Shi ke nan. Ko minti biyar abin bai ɗauka ba.

Matar ta goge yatsa a bakin zane, ta kife bokiti ta zauna, ta ɗebo tsaki a tafin hannu. Ta yi irin kiran da take yi da harshe. Kaji uku suka matso suka tsaya nesa kaɗan, don ba su saba wannan hannun nasu ba ne. Ta sake kira. Ta leƙa akurki daga inda take zaune.

"Baban yara."

"Na'am."

"Ina take?"

Ya faɗa mata. Ya fara da tsari, daga Lahadi, yana kawo hujjoji, amma kafin ya kai Laraba hujjojin suka ƙare masa a baki, ya faɗi sauran a gajarce. Ba ta katse shi ba. Hannunta na nan a miƙe da tsakin a ciki.

"Ranar da na ce kaza ba ta faɗa a banza, tana da rai?"

"Tana da rai."

"Kuma kai ne mutumin unguwar."

Ya gyaɗa kai.

"Da me ka kama ta? Ba ta yarda da kowa."

Idonsa ya sauka a kan tsakin da ke hannunta. Ta dubi tafin hannunta, ta juye tsakin a ƙasa, ta karkaɗe.

"Ka ci?"

"Ban iya ba. Tela na ba wa."

Ta ɗaga murya ba tare da ta juya ba. "Tela! Na san kana bayan tagar nan."

Tagar ta buɗe kaɗan. "Sannu da hanya, uwar gida. Ya mai jiki? Wallahi sai da na ce masa ya jira ki."

"Ta yi daɗi?"

"Ina fa daɗi. Awa huɗu tana kan wuta, har yanzu haƙorina na ciwo."

"Madalla," ta ce. "Allah ya ƙara."

Ta miƙe, ta ɗauki bokitin ta miƙa wa mijinta.

"Ka fara da zannuwana. Ni zan kwana a ɗakinka, kai kuma ka kwana inda ka yi asibiti, har sai na shiga ban ji wari ba."

"'Yan tsakin fa? Akwai allurar da ya kamata a yi musu a mako na..."

"Tara ne ko? Daga yau ni ce mai su. In ka sake taka bayan gidan nan da akwatin can, Tela yana da wuƙa."